Za Ka Tashi Daga Gida? Tambayoyi da Amsoshi Kan Mita, Bil da Bashin Wuta

Ranar tashi hankalin mutum yana kan motar kaya, da katifa, da tangaran ɗin uwargida kada ya fashe a hanya. Ba mai ɗaga kai ya dubi ɗan akwatin da ke maƙale a bango ko a saman falwaya. Sai an kwana biyu a sabon gida, an sayi katin wuta an ga yunit ɗin bai kai na kuɗin da aka biya ba, sannan cigiya ta tashi. Wannan ya taɓa faruwa da ni, kuma na raka 'yan'uwa da maƙwabta ofishin wuta a kan irinsa ba sau ɗaya ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, kuma amsoshin sun shafi yadda abin yake a Najeriya.

Wace yarjejeniya ce tsakanina da kamfanin wuta, ni da ban taɓa sa hannu a wata takarda ba?

Kowane gida da ke shan wutar gwamnati yana da asusu a wurin kamfanin rarraba wuta, kuma asusun yana ɗauke da abu uku: sunan mutum, adireshin gida, da lambar mita ko lambar asusu. Yawanci sunan maigida ne a kai, wani lokaci ma sunan wanda ya gina gidan ya rasu tuntuni. Kai da ka shigo haya kana shan wuta a ƙarƙashin wannan asusun ne, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Har yau muna cewa "'yan NEPA", amma NEPA ta zama PHCN tun 2005, sannan daga watan Nuwamban 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. KEDCO ke da Kano, Katsina da Jigawa. Kamfanin Kaduna ke da Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Na Jos yana da Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai, na Yola yana da Adamawa, Borno, Taraba da Yobe, AEDC kuma tana da Abuja, Neja, Kogi da Nasarawa. Ba kai ke zaɓar kamfani ba, inda gidan yake shi ke zaɓa maka. Saboda haka wanda ya tashi daga Zariya ya koma Kano bai ɗauko komai na asusunsa ba, ya bar wani kamfani ne ya faɗa hannun wani.

Ina neman gida yanzu. Yaushe ya kamata in tayar da maganar wuta?

Kafin ka biya ko sisi. Idan akwai abu ɗaya da nake so mai karatu ya riƙe daga wannan shafi, to wannan ne. Muddin kuɗin haya yana aljihunka, maigida da dillali suna sauraronka, kuma duk abin da ka nema za a kawo maka da gudu. Da zarar kuɗin shekara ya shiga asusun maigida, ka koma mai roƙo, kuma amsar da za ka riƙa ji ita ce "za a duba".

Idan an kai ka ganin gida, bayan ka duba ruwa da rufi, ka ce a nuna maka mita. Ka ɗauki hotonta yadda lambarta za ta fito sarai. Ka tambaya ko mitar kati ce, ko mai karantawa ce da ake kawo bil a ƙarshen wata, ko kuwa babu mita ƙiyasi ake yi. Idan bil ake kawowa, ka nemi na watan da ya wuce da rasit ɗin biya, ka dubi layin da aka rubuta tsohon bashi. Dillali zai ce maka "ai gidan nan ba ruwansa da bashi". Watakila gaskiya ya faɗa, watakila shi ma abin da aka gaya masa ke nan. Takarda kake so, ba bakin kowa ba.

Sannan ka fita waje ka gaida maƙwabta. Mai shagon bakin layi da mai cajin waya sun fi kowa sanin awa nawa ake samun wuta, da yaushe taransifoma ta ƙone ta ƙarshe, da ko ana yawan karɓar kuɗin gyara gida-gida. Minti goma a wurinsu ya fi dogon bayanin dillali.

Mitar kati ce a gidan. Ai ba ta cin bashi, ko?

Nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Mitar kati ba ta ba da wuta bashi, gaskiya ne, amma ana iya ɗora mata tsohon bashi. Gidaje da yawa sun yi shekaru a kan bil ɗin ƙiyasi kafin a sa musu mita, kuma bashin wancan zamanin ba ya ɓacewa, ana mayar da shi kan sabon asusun. Daga nan duk sanda aka sayi kati, kamfani ya cire wani kaso ya rage bashi, ya ba da yunit da abin da ya saura.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka sayi katin kuɗi kaɗan a kan lambar mitar tun kafin ka biya haya, ka karanta rasit ɗin da kyau. Za ka ga kuɗin wuta, da harajin VAT na kashi 7.5, idan kuma akwai bashi, sau da yawa za ka ga abin da aka cire dominsa. Wasu manhajojin waya ba sa nuna komai dalla-dalla, don haka abin da ya fi tabbas shi ne ka je ofishin kamfanin da ke kula da unguwar da lambar mitar, ka ce a buga maka bayanin asusun. Asarar ɗan kuɗin kati da na mota ba ta kai asarar watanni ana yanka maka yunit ba.

Na riga na shiga, sai na tarar da bashin wanda ya tashi. Dole ne in biya?

A ƙa'ida, a'a. Hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sha bayyana cewa ba a ɗora wa sabon ɗan haya bashin maigida ko na wanda ya zauna kafin shi. Wanda ya sha wuta shi ke biya. Amma ƙa'ida daban, abin da kwamfutar kamfani ta sani daban. Ita kwamfuta lambar asusu ta sani, ba ta san Malam Wane ya tashi kai ka shigo ba, kuma za ta ci gaba da cirewa har sai wani ya gaya mata a rubuce.

Abin yi shi ne ka rubuta wa kamfanin takarda, ka haɗa da kwafin yarjejeniyar haya mai nuna ranar da ka shiga, da rasit ɗin kuɗin haya, da hoton mita na ranar farko idan ka ɗauka. Ka nemi a raba bashin da asusun da kake sayen wuta a kai. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka koma da shi gida. Ka kuma sanar da maigida a rubuce, ko da ta saƙon waya ne, domin shi ya san wanda ya tashi, kuma shi ya kamata ya bi shi.

A gidan da abin ya same ni, na yi wata huɗu ina zuwa ofis ina bayani da baki, kowane zuwa in tarar da sabuwar fuska in sake farawa daga farko. Ranar da na kai takarda aka buga mata hatimi, ranar maganar ta fara motsi. Ban manta wannan ba.

Akwai kuma hanyar sulhu, wadda sau da yawa ta fi sauri: maigida ya yarda a rubuce cewa duk abin da aka cire maka na tsohon bashi za a rage shi daga kuɗin hayar baɗi. Idan kun yi haka, ka adana kowane rasit, domin su ne lissafinka.

Ni ne mai tashi. Me ya kamata in yi kafin in miƙa makulli?

Ya danganta da irin wutar da kake kai. Idan mitar kati ce kuma babu bashi, aikinka kaɗan ne: ka ɗauki hoton yunit ɗin da ya rage, ka nuna wa maigida, ka miƙa masa ɗan akwatin danna lambobi da katin mitar idan akwai. Wannan akwatin an haɗa shi da mitar gidan ne. In ka tafi da shi cikin kaya ba zai amfane ka ba, kuma ka bar na bayanka cikin duhu.

Idan mita mai karantawa ce, ka sanar da kamfani a rubuce tun da sauran kwanaki, ka faɗi ranar tashinka, ka nemi a zo a yi karatun ƙarshe. Ranar tashi ka ɗauki hoton karatun a gaban maigida ko wakilinsa, ka biya abin da ke kanka, ka riƙe rasit.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai bil ɗin ƙiyasi. Ƙiyasi bai san gida ya zama kango ba. Kowane wata bil zai fito ko da ba a kunna ƙwan fitila ɗaya ba, kuma in asusun da sunanka yake, bashin a kanka yake taruwa. Ka rubuta ka nemi a yanke wutar a kuma dakatar da bil daga ranar da ka fita. Yanke waya daga falwaya da mai gyaran unguwa zai yi maka ba ya tsayar da bil, domin ofis bai san an yi ba.

Kuma don Allah kada ka gudu da bashi. Wanda zai shigo bayanka mai iyali ne kamarka, shi za a zo yanke wa wuta a gaban 'ya'yansa. Haƙƙi ne, ko ba a kama ka ba.

Da kuɗina na sayi mitar. Zan iya cire ta in tafi da ita?

Kada ka cire ta da kanka, kada kuma ka sa mai gyara ya cire. An yi wa kowace mita rajista da adireshi da taransifoma da layin da take kai, kuma kamfani ne kaɗai ke da ikon cire ta ko sauya mata wuri. Na san wannan yana da ciwo ga wanda ya tara kuɗi ya biya. A tsarin MAP da aka fito da shi a 2018, mutum yakan biya kuɗin mita, kuma dokokin NERC sun tanadi a mayar masa da kuɗinsa a hankali ta hanyar yunit. Idan ta wannan hanyar ka samu taka, ka je da rasit ka rubuta wa kamfani cewa za ka tashi, ka tambayi matsayin abin da ya rage maka.

Mafi kyau dai shi ne ɗan haya ya yi magana da maigida tun kafin ya nemi mita: ko a rage kuɗin daga haya, ko a raba, a kuma rubuta. Mita gyara ce ga gida, maigida ne zai ci moriyarta bayan ka tafi.

Yunit ɗin da ya rage fa?

Yana cikin mitar, ba ya bin ka. Idan tashi ya matso, ka riƙa sayen kati kaɗan-kaɗan. In ya ragu da yawa, ku daidaita da maigida ko mai shigowa ya ba ka kuɗinsa, ko ka bar masa sadaka.

Na sayi kati a waya, ashe lambar tsohon gida na tura wa. Ya zan yi?

Wannan kuskure ya yi yawa, domin manhajar banki tana ajiye tsohuwar lamba, hannu kuma ya saba. Lambobi 20 ɗin da aka turo maka an ƙulla su da waccan mitar ce kaɗai, ba za su shiga wata ba. Hanya mafi gajarta ita ce ka kira wanda ke tsohon gidan, ka ba shi lambobin ya ba ka kuɗin. Ranar da ka tare, ka goge tsohuwar lamba daga wayarka da ta uwargida da ta duk yaron da ake aike, kuma kullum ka karanta sunan da ya fito kafin ka danna biya.

Mitar sabon gida ta ƙi karɓar kati, alhali lambar daidai ce.

Ka fara da ƙananan abubuwa: batirin ɗan akwatin danna lambobi, da ko an jona shi a soket ɗin bango kai tsaye, domin wasu irinsa ta wayar gidan suke magana da mita, kuma sai akwai wuta a layi.

Idan gidan ya daɗe a rufe, akwai wani dalili. Mitocin kati masu tsarin STS, wato tsarin lambobin kati, suna da ma'aunin lokaci a cikinsu wanda ya cika a ranar 24 ga Nuwamba, 2024, kuma an buƙaci a sabunta kowace mita ta hanyar shigar da wasu lambobi na musamman, jeri biyu masu lamba 20 kowanne, da ake kira KCT. Mitar da ba a yi wa haka ba ba za ta karɓi sabon kati ba. Ka je ofis da lambar mitar a ba ka su, ka shigar da su bi da bi, sannan ka sa katin da ka saya.

Me ya sa katin da yake kai mu wata a tsohon gida ba ya kai mako biyu a nan?

Kafin ka zargi mita, ka duba rukunin da layin unguwar yake. Tun 2020 aka raba masu shan wuta bisa awannin da aka yi alkawarin ba su a rana: Band A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage shi, amma ya tsaya sama da naira 200, wato ninkin-ba-ninkin abin da sauran rukunan ke biya. Ga tsadar yunit, ga wutar tana daɗewa, firji da fanka da injin ruwa suna ta aiki. Iyali da suka tashi daga Band C suka koma Band A dole su sake lissafin wata gaba ɗaya. Wani ya ga riba, domin ya huta da man janareta. Wani kuma, mai ƙaramin albashi, gara ya san haka kafin ya zaɓi unguwa. Rukunin yakan fito a rasit, kuma ba kai ko maigida ke sauya shi ba, na layin ne duka.

Na lura an yi haɗin satar wuta a gidan tun kafin in zo.

Kada ka yi shiru, kada kuma ka ce "ba ni na yi ba" ka ci gaba da amfana. Ranar da masu bincike suka zo, wanda suka tarar a gidan shi suke kamawa. Umarnin da NERC ta sabunta a farkon 2025 ya sa tarar naira 100,000 a karon farko ga mita mai layi ɗaya, da 200,000 ga mai layi uku, ban da biyan wutar da aka sha. Tun ranar ganin gida ka zo da mai gyaran wuta da ka yarda da shi ya duba ko hatimin mitar lafiya yake, da ko akwai wayar da ta zagaye ta, musamman ta na'urar sanyaya ɗaki da hita. In an ga wani abu, maigida ya gyara ta hanyar kamfani kafin ka tare. Ban da tara, irin wannan haɗi na ɓoye yana cikin abubuwan da ke tayar da gobara da dare.

Sai na sauya sunan asusun zuwa nawa?

Idan sayen gidan ka yi, ƙwarai kuwa, kuma ka tabbatar an biya tsohon bashi kafin ka cika kuɗin gida. Za a nemi takardun mallaka da katin shaida. Idan haya ce ta shekara ɗaya ko biyu, yawanci ana barin sunan maigida, kuma sauyawa sai da yardarsa. Wanda ya sa sunansa kuwa, ya tuna ya cire ranar da zai fita.

Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, mita ɗaya.

Nan ba doka ce ke aiki ba, zaman tare ne. Kafin ka shiga ka tambaya yadda ake rabon kuɗi: da ɗaki ne, da kai ne, ko da kayan wuta? Wa ke karɓa, kuma yana nuna rasit? Rigimar gidan haya da yawa daga dutsen guga da hita take farawa. Inda aka iya, ƙaramar mita ta cikin gida ga kowane ɗaki tana kashe gardama, ko da yake kamfani bai san da ita ba, babbar kawai ya sani. In za ka tashi, ka biya kasonka har ranar ƙarshe a gaban mutum biyu.

Sabon gidan ba shi da mita sam.

Ka nemi mita a rubuce tun makon farko. Kafin ta zo, ka sani cewa tun Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga yawan yunit ɗin da za a ƙiyasta wa marar mita, gwargwadon abin da masu mita a yankinsa suke sha. Idan bil ya zo maka da abin da hankali ba zai ɗauka ba, kana da damar ƙalubalantarsa a rubuce, ka ci gaba da biyan daidai da bil na ƙarshe da ba ka yi jayayya a kansa ba har a warware. Kada ka daina biya gaba ɗaya, domin hakan yana raunana hujjarka.

Na kai ƙorafi ba a kula ni ba. Ina zan nufa?

Matakin farko shi ne sashen karɓar ƙorafi na kamfanin, kuma ana sa ran ya warware cikin kwanakin aiki 15. In bai yi ba, ko ba ka gamsu ba, sai ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke kula da yankinka, inda ake zaunar da kai da wakilin kamfani. Daga nan sai hukumar kanta. Abu na farko da za a tambaye ka shi ne shaidar cewa ka fara kai wa kamfani, shi ya sa nake ta nanata hatimin karɓa. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumominsu, kuma wasu sun karɓi ragamar, don haka in ka sauya jiha ka tambaya a ofishin kamfani wace hukuma ce ke sauraron ƙara a can.

Sola da tukunyar gas fa?

Idan kai ka sa sola da inbata a gidan haya, naka ne, amma ka samu yardar maigida a rubuce tun ranar sawa cewa za ka cire, kuma ka toshe ramukan kwano ka mayar da wayoyi yadda ka same su. Idan sola ce ta biya-kaɗan-kaɗan, ka sanar da kamfanin sabon adireshinka, domin bashin yana kanka har ka gama.

Tukunyar gas kuma a rufe ta, a cire kanta da tiyo, a ɗauke ta a tsaye a inda iska ke shiga, ba a kwance a but ɗin mota cikin rana ba. A sabon gida, bayan an haɗa, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar. In ya yi kumfa, iska na fita, a rufe a sauya tiyo ko kan kafin a kunna ashana.